Bai suma ba, amma kansa na ciwo: in bar shi ya tafi gasar zari-ruga ta Afirka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ɗana ɗan shekara 20 yana buga zari-ruga, irin ta mutum bakwai-bakwai. An kira shi sansanin da za a tace waɗanda za su wakilci ƙasa a gasar Afirka, saura kwana 10 ya tafi. Mako guda da ya wuce kansa ya haɗu da gwiwar wani a fili, ya faɗi, ya tashi yana tangaɗi, aka zuba masa ruwa ya ƙarasa wasan. Tun ranar yake fama da ciwon kai, ba ya son haske, ga saurin fushi wanda ba halinsa ba ne. Kocinsa ya ce tunda bai suma ba babu komai. Mai kemis ya ba shi ƙwayoyi, kakarsa kuma ta ce baki ne ya kama shi don an ji labarin tafiyar. Ni dai ko barcin kirki ba na yi. In na hana shi ya ce na tauye masa rabo, in na bar shi ban san me zai faru ba. Don Allah yaya zan yi? — Wata uwa, daga Kano

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba shi lafiya, ya kwantar miki da hankali. Bari in fara da amsar kai tsaye: a yadda kika kwatanta shi, bai kamata yaron nan ya shiga filin da za a yi karo da shi ba nan da kwana 10, ko sansani ne ko gasa. Faɗuwa bayan bugu a kai, tashi da tangaɗi, ciwon kai na mako guda, ƙin haske da canjin hali, duk alamun girgizar ƙwaƙwalwa ne, kuma tangaɗin nan shi kaɗai ya isa a ce an fitar da shi daga fili a ranar. Ki kai shi asibiti a cikin kwana ɗaya ko biyun nan likita ya duba shi. Ban gan shi da idona ba, don haka abin da zan faɗa ba zai maye gurbin wannan ba.

Tunda ɗanki ɗan wasa ne, kin san yadda abin yake: mutum bakwai kowane ɓangare, minti bakwai kafin hutu da bakwai bayansa, a kan fili irin wanda 'yan sha biyar-biyar ke cikawa. Abin da iyaye ba su cika lura da shi ba shi ne tsarin gasar kanta. Gasar Afirka da hukumar Rugby Africa ke shiryawa a ƙarshen mako ake murƙushe ta, ƙungiya ta buga wasa biyar ko shida cikin kwana biyu, tsakanin wasa da wasa 'yan awanni, 'yan wasan da aka tafi da su kuma wajen 12 ne kacal. Ga shi ba wasan sada zumunci ba ne. A Harare, cikin Satumbar 2023, Kenya ta doke Afirka ta Kudu 17 da 12 a wasan ƙarshe, da wannan ta samu gurbin Olamfik na Faris. Uganda ta ɗauki kofin a 2016 da 2017 da 2022, ta kuma ci zinare a Wasannin Afirka da aka yi a Akara cikin Maris ɗin 2024. Irin waɗannan ƙartin ne ɗanki zai tara a guje. Fili faɗi, mutane kaɗan, don haka karon da ake yi na gudu ne da gudu. Sannan idan mutum ɗaya ya fita daga cikin 12, giɓin yana bayyana nan take, shi ya sa matsin a mayar da wanda ya bugu ya fi tsanani a nan fiye da a wasan sha biyar, inda ake da mako guda kafin wasa na gaba.

Yanzu maganar kocin nan, "bai suma ba". Hajiya, wallahi na gaji da jin kalmar nan. Ina jin ta a bakin koci, a bakin iyaye, a bakin 'yan wasan da kansu, har a bakin wasu masu sanye da farar riga. Ita hukumar zari-ruga ta duniya, World Rugby, ta daɗe tana nanatawa cewa waɗanda ke suma ba su kai ɗaya cikin goma na masu girgizar ƙwaƙwalwa ba. Ma'ana tara cikin goma idonsu biyu, suna magana, wasu ma suna gardama cewa lafiyarsu ƙalau. Wanda ya ce sai an suma sannan akwai matsala ya yarda ke nan ya mayar da tara fili don ya ceci ɗaya.

Ki ɗauki ƙwarya cike da kindirmo, ki rufe ta ki jijjiga da ƙarfi. Ƙwaryar ba ta fashe ba, ko tsagewa ba ta yi ba, amma in kin buɗe abin da ke ciki ya dagule. Haka ƙwaƙwalwa take cikin ƙoƙon kai. Ba sai kai ya fashe ba, ba sai jini ya zuba ba, ba ma sai an bugi kan ba. Kafaɗa ta daki ƙirji da ƙarfi kai ya fizgu baya, ya wadatar. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sukan shiga ruɗani, buƙatarsu ta kuzari ta ƙaru a daidai lokacin da jinin da ke kai musu shi ya ragu. Kwanaki ake ɗauka, wani lokaci makonni, kafin lamarin ya daidaita. A cikin wannan tsakanin mutum ba ya da saurin kaucewa kamar da, lissafinsa na nisa da gudu ya ragu, don haka ya fi sauƙin sake buguwa, bugun da bai kai na farko ba kuma sai ya yi ɓarnar da ta fi ta farko.

Na sha tsayawa a bakin fili ina kallon yadda ake yi. Yaro ya faɗi, ya yunƙura, ƙafa ta ƙi. Sai wani ya rugo da ledar ruwa, ya yage ta da haƙori, ya tsiyaya masa a ka, ya ɗan mammare shi a kumatu yana cewa "tashi, kai namiji ne". A ɗaga masa yatsu a ce nawa ne, ya ce biyu, a ce shi ke nan ya warke. Yaron ya koma ya tsaya a layin abokan hamayya, sai an jawo shi. Bayan an tashi ya tambayi na kusa da shi nawa-nawa aka tashi, a faɗa masa, minti biyu ya sake tambaya, 'yan uwansa na dariya. Ruwan sanyi yana wartsakar da fata ne, ba ya isa inda ciwon yake. Ƙirga yatsu kuwa ba gwaji ba ne. Ko tambayoyin da muke yi a bakin fili, wane fili muke, kafin hutu ne ko bayan hutu, wa ya ci na ƙarshe, da wa kuka buga wasan da ya wuce, wanda ya kasa amsa ɗaya ya fita, amma wanda ya amsa duka ba a ce ya tsira ba, don akwai alamun da sai bayan awanni ko washegari suke fitowa.

Abin da ke hana ni barci a kan irin ɗanki shi ne bugu na biyu kafin na farko ya warke. Ba ya faruwa da yawa, amma in ya faru ƙwaƙwalwa kumbura take cikin ƙanƙanin lokaci, kuma matasa ya fi kamawa. A 2011, wani yaro ɗan shekara 14 a Ireland ta Arewa, Benjamin Robinson, an duba shi har sau uku a wasa ɗaya ana mayar da shi, mahaifiyarsa na tsaye a bakin fili. Ya faɗi dab da tashi, bai farfaɗo ba. A 2013, Rowan Stringer, 'yar shekara 17 a Ottawa ta Kanada, ta bugu sau uku cikin mako guda. Ƙawayenta kawai ta gaya wa kanta na ciwo, don kada a hana ta wasa. Rasuwarta ce ta sa lardin Ontario ya kafa doka da sunanta a 2018. Rowan ba ta suma a bugun farko ba. Ƙasashen da ke da motar asibiti a bakin fili da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a kusa ke nan, balle mu.

Za a ce miki a je a yi hoton kai, in ya fito lafiya ya tafi. Wannan ma reshen kuskuren nan ne. Hoton CT jini da karaya yake nema, kuma yana da amfani ƙwarai idan ana zargin su. Girgizar ƙwaƙwalwa ba ta fitowa a cikinsa. Hoto mai kyau yana nufin ba a ga jini ba, ba takardar izinin komawa fili ba ce. Haka hular kariya mai laushin nan: kunne da fatar kai take karewa. Robar baki kuma don haƙori ce. Ya sa su, amma kada wani ya ce tunda ya sa hula ya shiga.

Ƙwayoyin mai kemis kuwa, ki karɓe su yau ki tafi da su wurin likita ya ga ko mene ne. Mai kemis da bai tambayi yadda aka faɗi ba, bai duba ido ba, ya ƙulla ja da fari da rawaya a leda, ba magani ya yi ba, ya rufe bakin ciwon ne kawai. In akwai tiramadol a ciki abin ya zama biyu: yana ɓoye alamun da muke bi mu gane ko ana samun sauƙi, yana kawo jiri da mayen barci, yana iya tayar da jijjiga, sannan tun 1 ga Janairun 2024 hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta haramta shi a lokacin gasa. Yaron da aka samu da shi a fitsari dakatarwa ce ke jiransa. Farasitamol ya isa idan ciwon ya dame shi, shi ma ba a mai da shi abincin kullum ba. Ita kuma kaka, Allah ya ƙara mata lafiya, a yi addu'a, a yi sadaka, babu mai hana wannan. Amma gwiwar da ta daki kan nan kowa ya gan ta, kada a bar abin da aka gani a tafi neman wanda ba a gani ba, kuma kada a turara masa hayaƙi ko a yi masa tsaga a goshi.

Ga lissafin kwanaki. Ƙa'idar World Rugby ga 'yan wasan da ba na ƙwararru ba ita ce aƙalla kwana 21 kafin a sake buga wasa, kuma wannan ga wanda alamunsa suka ɗauke da wuri ne. Za ki ji ana cewa ai manyan 'yan wasa kwana 12 suke yi. Gaskiya ne, tun 2022 haka tsarinsu yake ga mafi yawa, amma su an auna ƙwaƙwalwarsu tun suna lafiya, akwai hoton bidiyo na bugun, akwai likitan da ke ganinsu kullum. Ɗanki ba shi da ko ɗaya. Ranar shiga sansani kwanansa 17, yau kuma kansa na ciwo. Hanyar komawa mataki-mataki ce: tafiya da ɗan motsa jiki marar nauyi, sai gudu, sai atisaye da ƙwallo ba karo, sai atisayen karo bayan likita ya amince, sannan wasa. Kowane mataki aƙalla kwana guda, in ciwon ya taso a koma baya. Ba a kulle shi a ɗaki mai duhu, wannan tsohon yayi ne. Ya riƙa fita yana tattaki da yamma, ya rage waya, ya yi barci isasshe, ya bar tuƙa babur har sai jirin ya tafi. In an kai mako huɗu bai warware ba, a nemi likitan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa.

Amma idan ciwon kan ya riƙa ƙaruwa, ko amai ya zo a jere, ko ya fara ganin abu biyu-biyu, ko hannu ko ƙafa ta rasa ƙarfi, ko magana ta karkace, ko jijjiga, ko barcin da da ƙyar ake tashinsa, ko wuya ya riƙe, wannan ba na jiran gobe ba ne, ko tsakar dare ne a ɗauke shi sai sashen gaggawa.

Ina da magana da masu riƙe da wasanni, a kowace ƙasa suke. Ba a fafe gora ranar tafiya. An sha tara yara sansani mako biyu kafin gasa, a miƙa musu fom ɗin lafiya su cike da kansu a tsaye, tambayar "ka taɓa buguwa a ka?" kowa ya rubuta a'a don ya san abin da i za ta jawo masa, wani ya buga hatimi. A jirgi kuma kujerun jami'ai sun fi na ma'aikatan lafiya yawa. Darasin gane girgizar ƙwaƙwalwa kyauta yake a shafin World Rugby na intanet, ba ya cin wuni guda. Kocin da ya iya zana dabarar cin wasa amma bai zauna ya karanta wannan ba, bai cancanci a damƙa masa 'ya'yan mutane ba. Amana ce, kuma za a tambaye shi.

Shi kuma yaron, kada ki tare shi da faɗa, don in ya ga za a hana shi ɓoyewa zai koya, gobe ya ce miki kan ya daina. Ki zaunar da shi tare da mahaifinsa ko wani babba da yake jin nauyinsa. Ki nuna masa cewa ɗan wasan da ya shiga tacewa da kai mai ciwo ƙwallo zai riƙa saki, tarewa ta riƙa wuce shi, a sallame shi a kuma manta da shi, alhali wanda ya aiko da takardar likita sunansa na nan a littafi. Shekararsa 20, gasar nan kuma ana sake ta. Ki roƙi likitan da ya duba shi ya rubuta ranar da ya bugu, alamun da ya gani da ranar da zai sake duba shi, a aika wa likitan ƙungiyar ƙasa kwafi kafin ranar shiga sansani, ke kuma ki riƙe ɗaya a hannunki.