Amsa ga mai tambaya kan 'yan Dudula da zaman baƙo a Afirka ta Kudu

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya ko gaskiya ne abin da ake ji game da 'yan Operation Dudula, ƙungiyar da ke takura wa baƙi a Afirka ta Kudu, kuma ko cikakkun takardu za su kare ƙanenka da aka yi wa tayin tsaron shago a Johannesburg. Abin da ake ji gaskiya ne. Takarda tana yi wa mutum rana a gaban ɗan sanda da alƙali, amma gungun da ya taho da sanduna ba ya tsayawa duba fasfo. A tarzomar watan Mayun 2008, wadda ta faro daga unguwar Alexandra a Johannesburg, an kashe mutum 62, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku nasu 'yan ƙasar ne. Don haka abin da ya kamata ya sani kafin ya ɗaure kaya shi ne yadda wutar take ruruwa, domin ba dare ɗaya take tashi ba.

Rashin aikin yi a ƙasar ya haura kashi 30 cikin 100, layin asibiti dogo ne, gidajen da gwamnati ta yi alkawari ba su wadata ba. Ƙidayar 2022 ta nuna mutum miliyan 62, waɗanda aka haifa a waje kimanin miliyan 2.4, wato ƙasa da kashi 4 cikin 100. Wannan adadi bai kai ya haddasa waccan matsala ba. Amma baƙo ba shi da ƙuri'a, shi ya sa ɗan siyasar da ya kasa yin aiki yake ɗora masa laifin ba tare da ya yi asarar komai ba. Ita Dudula, wadda ma'anarta da Zulanci ita ce a ture waje, ta bayyana a Soweto a 2021, shekarar zaɓen ƙananan hukumomi, kuma a 2023 ta yi rajistar zama jam'iyya. Jam'iyyar Patriotic Alliance ta yi yaƙin neman zaɓe da taken Abahambe, wato su tafi, shugabanta Gayton McKenzie ya zama minista a 2024. Mu ma kada mu manta: a Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi, ciki har da 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya, daidai lokacin da kuɗin mai ya faɗi zaɓe kuma ya ƙarato. Kafin nan, a 1969, gwamnatin Busia ta Ghana ta ba baƙin da ke ƙasar wa'adin kwana 14, mutanen zango da yawa suka bar gidaje da dukiya.

Yawanci wani babba ne ke fara sakin baki. A Maris na 2015 Sarkin Zulu Goodwill Zwelithini ya yi jawabin da aka fahimta da cewa baƙi su tattara nasu ya nasu. Ya ce an juya masa magana, amma cikin 'yan makonni Durban ta kama da wuta. Daga nan sai a jira wani abin takaici a rataya wa baƙi. A Oktoban 2024 yara shida suka mutu a Naledi cikin Soweto saboda maganin ƙwari mai guba, nan take aka far wa shagunan unguwa da suke kira spaza, waɗanda galibi 'yan Somaliya, Habasha, Bangladesh da Pakistan ke riƙe da su. Ɗan Najeriya kuwa zargin sayar da ƙwaya ake jefa masa, ko da man shafawa yake sayarwa. Matakin da ya fi hatsari shi ne na unguwa: a kira taron mazauna, saƙo ya fara yawo a WhatsApp, a manna takarda mai wa'adi a ƙofar shago, sannan a sa ranar tattaki da sunan binciken takardu. Tattakin ne ke rikiɗewa ya zama wawaso. Masu haɗa shi sau da yawa abokan gasar kasuwa ne ko masu neman kansila. Duk ranar da ƙanenka ya ga wa'adi a rubuce, ya kwashe kaya ya bar unguwar, kada ya ce bari ya ga abin da zai faru.

Maganar takardu kuma, nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami. Bizar ziyara ba ta ba da izinin aiki ko ciniki. Bizar kasuwanci tana neman jarin rand (kuɗin ƙasar) miliyan 5, abin da mai ƙaramin shago ba shi da shi, shi ya sa dillalai ke tura mutane neman takardar mafaka da labarin ƙarya. Idan aka ƙi amincewa da ita, mutum ya zama ba shi da tsuntsu ba shi da tarko. Wanda ya wuce wa'adin bizarsa da ƙasa da kwana 30, za a hana shi shiga ƙasar shekara ɗaya. Idan ya haura kwana 30, shekara biyar. Wanda aka kama ba takarda, sansanin Lindela da ke Krugersdorp ake kai shi kafin a mayar da shi gida. Ƙanenka ya yi kwafin fasfo da biza, ya kai caji ofis a buga masa hatimi, kyauta ne, ya riƙa yawo da shi, wani kwafin kuma ya kasance a wurinka.

Doka ta ba ɗan sanda da jami'in shige da fice ne kawai ikon tambayar takarda, kuma babbar kotun Johannesburg ta tabbatar da haka a kan Dudula a Nuwamban 2025. Sashe na 27 na tsarin mulki ya haramta hana kowa magani na gaggawa. Duk da haka 'yan Dudula sun sha tsare ƙofar asibiti, kamar Kalafong a Pretoria a 2022. Idan ya tarar da su, kada ya yi musu gardama, ya nemi wani asibitin, sannan ya kai ƙara ga lauyoyin ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Lawyers for Human Rights. Lambar 'yan sanda 10111 ce, a wayar salula kuma 112. Ya sanar da ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya a Johannesburg isowarsa, domin a 2019 ta ofisoshin jakadanci aka yi rajistar ɗaruruwan 'yan Najeriya da kamfanin jirgin sama na Air Peace ya kwaso kyauta.

Kafin ka biya kuɗin jirgi, ka tambayi mai shagon abu uku: wace unguwa ce, shagon yana da rajistar ƙaramar hukuma kamar yadda aka wajabta tun Nuwamban 2024, kuma ina yaron zai kwana. Mayfair da Fordsburg, inda Musulmi da masallatai suke da yawa, sun fi Diepsloot ko Alexandra sauƙi nesa ba kusa ba. Idan ya ce maka a cikin shagon zai riƙa kwana, kamar yadda masu spaza da dama ke yi, ni dai ban ba ka shawarar ka bar shi ya tafi ba.