Amsa daga Melbon: Godiyar da Kake Tambaya a Kai

Malam, ka tambaya ko da gaske ne a Ostireliya likita kan taimaka wa majinyaci ya mutu, dangi kuma su bi shi da godiya. Haka ne, amma ba kamar yadda ake baza labarin a gida ba.

Jiharmu ta Biktoriya ce ta fara a cikin jihohi: an zartar da dokar da ta ba da wannan dama a 2017, ta soma aiki a Yunin 2019, sauran jihohi suka biyo baya, har ta kai Sidni a Nuwamban 2023. Yadda aka tsara ta tun farko, sai mutum ya kai shekara 18, ya shekara a jihar, yana cikin hayyacinsa, kuma likitoci sun ga cutar za ta kai shi cikin wata 6, ko wata 12 idan mai lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka ce. Shi da bakinsa zai nema, har sau uku, ɗaya a rubuce gaban shaidu biyu, likitoci biyu kuma su duba shi daban-daban. Ɗa ko mata ba su da ikon nema masa. A nan abin ke ɓaci wa wasu: sukan makara, ciwo ya gusar musu da hankali kafin takardu su kammala, shi ke nan magana ta mutu. Idan an amince, ma'aikatan magani ne ke kai masa maganin da zai sha ya mutu gida cikin akwati mai makulli, a naɗa wani da zai mayar da abin da ba a taɓa ba.

To godiyar fa? In ka saurari iyalan, abu biyu suke maimaitawa. Na farko, tsoro ya ragu. Wasu ma akwatin yana ajiye har ajali ya zo da kansa ba su buɗe ba. Na biyu, an san rana, 'ya'ya sun taho daga nesa, an yafi juna. Wanda ya yi wata da watanni yana juya mahaifinsa a gado yana jin nishinsa, ba zan ce masa godiyarsa ƙarya ba ce, ko da ban bi ra'ayinsa ba.

Mu Musulmin nan ba ma shiga. Rai na Allah ne, kuma dokar ba ta tilasta kowa. Likita ko nas na da damar cewa ba da hannunsa ba. Abin da muke nema shi ne kulawar sassauta raɗaɗi: nas ta zo gida, a kawo gadon asibiti, a sa ƙaramin famfo mai ɗiga mofin, maganin kashe zafin ciwo, a ƙarƙashin fata, dangi su zauna ana Yasin ana laƙƙana kalmar shahada.

Kuskuren da ke damuna shi ne mutanenmu kan cakuɗa abubuwan biyu. Da sun ji mofin sai su ce za a kashe musu tsoho, su hana, a bar bawan Allah yana murƙususu. Mofin da likita ya auna don ciwo daban ne, haka ma ƙin na'urar numfashi idan ta daina amfani, wanda malamai da dama suka halatta. Shi ya sa muke matsa wa dattawa su rubuta wasiyyar jinya tun suna da lafiya, su ambaci wanda zai yi magana a madadinsu, su kuma nemi tafinta a asibiti maimakon a ɗora wa yaro fassara.