Matatar sautinka ba ta buƙatar sabon allo

Yaro, na karanta rahoton da ka turo daga Vivado, manhajar da ke tsara aikinka a kan allo. Ka ce matatar sauti mai matakai 128 da ka rubuta ta ƙi shiga Basys 3, allon lantarkin da muke gwaji a kai, kana tambaya ko mu yi odar wanda ya fi shi girma. Da wannan tsadar dala? A'a. Allon ba shi da laifi.

Guntun lantarki Artix-7 35T da ke kansa yana da sassan ninka lambobi (DSP) 90, ƙananan sassan da ake haɗa kowace irin da'ira da su (LUT) 20,800, da tubalan ma'adana (BRAM) 50 masu kilobit 36 kowanne. Kai kuma ka ba kowane mataki nasa mai ninkawa, kuma ka bar lambobinka a bit 32. To DSP48E1, wato irin DSP ɗin da ke ciki, bit 25 sau 18 yake ninkawa. Ninki ɗaya na 32 sau 32 yakan ci DSP har huɗu, ka ga kana neman sama da 500 a inda 90 ke akwai. Ko an tura ragowar cikin LUT, ba za su ɗauka ba.

Abin da ba ka lissafa ba shi ne lokaci. Agogon allon nan megahaz 100 ne, wato bugu miliyan 100 a daƙiƙa, sautinka kuwa samfur (awon sautin sau ɗaya) 48,000 a daƙiƙa. Raba ka gani: tsakanin samfur da samfur agogo na bugawa sau 2,083. Masu ninkawarka su yi aiki a bugu ɗaya, su zauna banza a sauran. Kamar mai shago a Kasuwar Barci ne ya ɗauki teloli 128 don riga ɗaya, kowa ya yi ɗinki guda ya kwanta. DSP ɗaya zai yi ninki 128 bi da bi, yana tarawa a ma'ajinsa mai bit 48, ya gama da sauran lokaci mai yawa. Kai, layukan sauti 16 ma zai iya ɗauka shi kaɗai.

Sai faɗin lambobi. Sautin bit 16 ne, ka bar shi haka. Ma'aunan matatar, wato lambobin da ake ninka samfuran da su, ka rage su zuwa bit 18, amma ka fara gwadawa a kwamfuta, ka zana yadda matatar ke amsa kowane mitar sauti (frequency) kafin ragewa da bayanta. Ninkin samfur da ma'auni bit 34, tarin 128 ya ƙara 7, jimla 41. Ya shiga 48 lafiya lau. Yankewa sau ɗaya ake yi, a ƙarshe, ba a kowane mataki ba.

Ma'adana ce inda aikinka ya fi ba ni haushi. Ka jera samfura 128 a rajista, ƙananan ma'ajiyai masu bit ɗaya-ɗaya, kana tura su gaba ɗaya duk sanda sabo ya shigo, rajista 2,048 ke nan. Rabin BRAM ɗaya na ɗaukar lambobi 1,024 masu bit 18. Zuba su can, kada ka motsa komai. Adireshin ne zai riƙa zagayawa, sabon samfur ya hau kan mafi tsufa. Kuma ka cire riset ɗin, wato siginar gogewa, da ka sa wa kowace rajista. Abin da ke cikin BRAM ba a goge shi da riset, haka ma LUT da aka mayar layin jinkiri mai bit 32. Muddin Vivado ya ga riset a wurin, dole ya koma rajista. Inda riset ya zama dole, ka sa mai bin agogo, don shi kaɗai rajistocin cikin DSP suka sani. Ka tuna kuma BRAM sai bayan bugu ɗaya yake ba da amsa; in ba ka lissafa wannan ba, ma'auni zai haɗu da samfurin da ba nasa ba, sautin ya fito a dagule.

Dabarar DSP ɗaya ba ko'ina take ci ba. Ranar da muka koma siginar rediyo mai samfur miliyoyi a daƙiƙa, bugun da ke tsakani zai ƙare. A nan ake amfani da cewa ma'aunan farko da na ƙarshe daidai suke: a haɗa samfuran biyu tukuna a ninka sau ɗaya, 128 ya koma 64, kuma DSP48E1 na da mai haɗawa a gabansa don wannan. In rage saurin samfur ake so, akwai matatar CIC da injiniya Hogenauer ya wallafa a 1981, babu ninki a cikinta sam.

Ka sake rubutawa, ka turo rahoton kafin Asabar. Ina so in ga DSP ɗaya da BRAM ɗaya. In LUT suka kai dubu, duba riset ɗin tukuna kafin ka kira ni.