Amsa ga Yaya: me ya kai gwamnati ƙirga man ɗumama gida a Massachusetts?

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kana lafiya, ya iyali ya kasuwa.

Ka ce ka ji wai a nan jihar Massachusetts ta Amurka gwamnati tana tilasta wa masu kawo mai su rubuta mata abin da suka kai gidajen mutane, kana so ka san ko rabon mai ake yi da awo, ko kuwa wata dabarar karɓar haraji ce. Wanda ya daɗe a harkar gidan mai irinka dole can zuciyarsa za ta fara zuwa. To ba rabo ba ne. In kana da kuɗinka ko tanki nawa kake so za a cika maka. Kuma gwamnatin jiha ba ta yanka farashi. Kowane kamfani da nasa, yana iya sauyawa tsakanin safe da yamma.

Sai ka fara sanin yadda gidajen suke kafin ka gane dokar. Nan birnin Worcester yawancinmu a tsofaffin gidajen katako masu hawa uku muke haya, waɗanda aka gina wa ma'aikatan masana'antu fiye da shekara ɗari da suka wuce. Kowane gida yana da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. A nan ake ajiye tukunyar da ke ɗumama ruwan da ke zagaya bututu cikin ɗakuna, kusa da ita kuma tankin ƙarfe mai cin galan 275, wato lita dubu da 'yan kai. Man da ake zubawa ɗan'uwan dizal ne, sai dai an rina shi ja, don a san ba a biya masa harajin hanya ba. Wanda aka kama da jan mai a tankin motarsa, tarar gwamnatin tarayya daga dala 1,000 take farawa. Fiye da gida ɗaya cikin biyar a jihar nan da wannan man yake ɗumama ɗaki. A Maine da ke arewa da mu kuwa wajen rabin gidaje ne.

Ranar kawo mai, tanka za ta tsaya a bakin titi, direba ya jawo doguwar tiyo ta cikin dusar ƙanƙara har zuwa bakin bututun da ya leƙo daga jikin bango. Ba ya shiga gida, ba ya ganin tankin. Kunnensa yake kasawa: akwai ɗan usur a bututun fitar iska, muddin mai yana shiga yana busawa, da ya yi shiru an cika, sai ya kashe. In ba ka share masa ƙanƙarar hanya ba, wani direban sai ya wuce abinsa. Yana gamawa zai maƙala maka rasit a ƙofa, wanda mitar motar ce da kanta ta buga yawan galan a jiki, mitar kuma jami'an awo da sikeli ne suke gwada ta su sa mata hatimi. Wannan ɓangaren ka san shi, shi ne abin da hukumar kula da harkar mai ta Najeriya, DPR, take yi muku da famfo kafin a mai da aikin hannun NMDPRA.

Hukumar kare muhalli ta jiha, MassDEP, damuwarta dabam ce, kuma kashi-kashi ta shigo.

Na farko ingancin man. Da can man ɗumama gida cike yake da farar wuta, hayaƙinsa yana ƙara wa masu asma wahala. New York ce ta fara saukar da shi zuwa kashi 15 cikin miliyan a 2012, Massachusetts ta kai wannan matakin a watan Yulin 2018. Ban taɓa jin wani namu ya yi ƙorafi a kan wannan ba, don tukunya ma ta rage yin baƙi.

Na biyu zubewa, kuma nan ne abin yake taɓa mai gida kai tsaye. In galan 10 ko fiye ya malale, doka ta ce a sanar da hukumar cikin awa biyu. Daga nan sai a ɗauko ƙwararre mai lasisin jiha ya tsaya a kan aikin gyara, a fasa siminti, a kwashe ƙasar da ta sha mai, a gwada ko ya kai ga ruwan ƙarƙashin ƙasa. Kuɗin yana iya cinye abin da mutum ya tara shekara da shekaru, ga shi inshorar gida ta yau da kullum galibi ba ta ɗaukar wannan sai ka nemi a ƙara maka. Shi ya sa aka yi doka cewa zuwa ƙarshen Satumban 2011 duk tsohon bututun da ke kai mai daga tanki zuwa tukunya a sa masa riga ko makulli mai tsai da mai in ya fashe. Wani ɗan'uwanmu daga zangon Kumasi, da ya zo sayen gida, dattawa ba su tambaye shi yawan ɗakuna ba. Tocila suka ɗauka suka sauka ƙasa, ɗaya ya durƙusa yana shafa cikin tankin da hannu yana neman danshi da tsatsa. Suka ce kada ya sa hannu a takarda sai mai sayarwa ya sauya tanki. Haka aka yi.

Na uku shi ne wanda ka ji labarinsa. Daga 2025, duk kamfanin da ke sayar da makamashin ɗumama gida a jihar, mai ne ko gas na bututu ko gas na tukunya, dole ya yi rajista da hukumar, sannan duk wata uku ya kai rahoton yawan abin da ya raba. Nauyin a kan kamfani yake. Mu masu saye ba ma cika ko takarda ɗaya. Dalilinsu kuwa lissafi ne. Galan ɗaya na man nan in ya ƙone yana sakin iskar kabon kilo 10 da ɗoriya, ka ga cikon tanki ɗaya ya haura tan biyu da rabi ke nan, gida kuma yakan sha tanki biyu zuwa uku a hunturu ɗaya. Dokar jihar ta 2021 ta ce zuwa 2030 a rage hayaƙin da ke ɗumama duniya da rabi idan aka gwada da na 1990, zuwa 2050 kuma abin da ake fitarwa ya zo daidai da wanda ake shanyewa. Gine-gine su ne wajen kashi ɗaya cikin uku na hayaƙin jihar. Kamfanonin lantarki da na gas ɗin bututu manya ne, tuni gwamnati ta san alƙalumansu. Masu man tanka kuwa ɗaruruwa ne, da yawansu kasuwancin gado ne na uba da ɗa da mota biyu ko uku, ba wanda yake da cikakken lissafinsu.

Su kansu dillalan ba su ɗauke shi a matsayin ƙidaya kawai ba, kuma a ganina suna da gaskiya. Rahoton share fage ne ga wani tsari da jihar ta daɗe tana shiryawa, inda za a ce wa mai sayar da mai kowace shekara ya nuna ya rage hayaƙi, ko ta hanyar gauraya man da na tsirrai da tsohon man girki, ko ta taimaka wa gidaje su koma na'urar lantarki mai ba da zafi da sanyi, in ya kasa ya biya. Wato a sa ka da hannunka ka rage kwastomominka. Vermont ta yi irin wannan dokar a 2023, har majalisa ta tsallake ƙin amincewar gwamna Phil Scott, amma da aka zo kan abin da zai hau kan farashin galan sai gwiwa ta yi sanyi, ba a aiwatar ba.

Ni dai ba na faɗa da ƙidayar. Hukumar da ba ta san abin da ake ƙonawa ba ba ta da bakin cewa ta rage shi. Abin da ke damuna wanda zai biya. Mai hali zai karɓi rangwamen Mass Save, shirin tsimin makamashi na jihar, ya sa sabuwar na'ura ya rabu da tanki. Ɗan haya ba shi da ikon sauya tukunyar gidan da ba nasa ba, kuma duk abin da aka ɗora wa dillali a rasit ɗin ɗan hayan zai sauka. A 2022 da galan ya haura dala 5, mun ga magidanta suna sayen galan 100, mafi ƙarancin da yawancin kamfanoni ke yarda su kawo, suna lallaɓa shi da rigunan sanyi a cikin ɗaki.

Ka kuma tambayi yadda mutanenmu suke yi. Baƙo in ya sauka, tambayar farko da ake koya masa kafin ya kama haya ita ce: ɗumama a cikin kuɗin haya yake ko a kaina? Ɗaki mai araha da mai a wuyanka ya fi mai tsada cin kuɗi zuwa Fabrairu. Dokar jiha ta ce daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Mayu dole gidan haya ya iya kai digiri 20 da rana, kusan 18 da dare, kuma muna sanar da juna haka don kada a raina wa baƙo hankali. Akwai zauren WhatsApp na masallaci da ake tura farashin kamfanoni. Matanmu suna tsara adashi yadda masu tanki za su kwasa a Oktoba ko Nuwamba. Ba a barin allurar tanki ta sauka ƙasa da kwata, don in mai ya ƙare tukunya ta shaƙi iska, sai an kira makaniki, in kuma aka kwana biyu ba ɗumi bututun ruwa ya daskare ya fashe.

Inda muke shan fama da dattawa shi ne tallafin mai na gwamnati, wanda ake bayarwa daga Nuwamba zuwa Afrilu ga masu ƙaramin ƙarfi. Wasu suna ganin kamar bara ce. Sai liman ya tashi bayan Juma'a ya tuna musu cewa daga harajin da ake cira a albashinsu ne. Abu ɗaya kuma da ba a yi wa kowa kara a kai: kaskon gawayi. Mun taso da shi a lokacin sanyin hunturu, amma gidajen nan a toshe suke ruf, hayaƙin da ba a gani ba a ji yana kashe mutane cikin barci. Doka ta wajabta na'urar gargaɗi a gidaje, mu kuma in mun je gaishe da sabon zuwa muna danna ta mu ji ko tana ƙara.

Batun ko za ka iya shigowa harkar in ka zo, kamar yadda ka yi min tsokana: sai ka nemi lasisin tuƙa babbar mota da izinin ɗaukar kaya masu haɗari, ga inshora mai nauyi, ga rahoton wata uku-uku, kuma kasuwa ce da jihar ta faɗa da bakinta tana so ta ƙanƙance. Yaran namu da suka shiga wannan layin gyaran tukunya da haɗa sabbin na'urorin suka koya, kuma waya ba ta barin su barci daga Disamba zuwa Maris.

A gaishe min da Hajiya da yara.