Ya ce ɗinkina "sick" ne: zagi ne ko yabo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Zariya. Na tura hoton wata babbar riga da na yi wa aiki zuwa ga ɗan wani kwastomana da ke karatu a Birmingham, sai ya rubuto mini, "Uncle, this is sick!" Mu dai a makaranta an koya mana cewa sick rashin lafiya ne. Raina ya ɓaci, har na yi niyyar kai ƙararsa wurin mahaifinsa. Me yake nufi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka ajiye maganar kai ƙara, yaron nan yabonka ya yi, yabo kuma ba ƙarami ba. A bakin matasan Ingila da Amurka, idan aka nuna musu mota ko takalmi ko ƙwallon da aka ci suka ce sick, suna nufin abin ya haɗu, ya wuce yadda aka saba gani.

Abin da aka koya maka a makaranta daidai ne, kuma shi ne asali. Kalmar tana cikin Turanci fiye da shekara 1,000 da ma'anar rashin lafiya. Ma'anar yabo kuwa ta bazu ne a Amurka a shekarun 1980, musamman tsakanin samarin da ke wasan sulu da katako mai taya da masu hawan igiyar ruwa a teku. Idan ɗayansu ya yi wani juyi mai haɗari ya dira lafiya, sai sauran su ɗauki ihu da wannan kalma. Daga can kiɗan hip-hop da intanet suka kai ta Landan da Birmingham da Ostareliya. Ba ita kaɗai aka juya haka ba. Baƙaƙen fatar Amurka sun daɗe suna cewa bad suna nufin gwani, wannan ma'anar ce ma Michael Jackson ya ɗauka ya sa wa kundin waƙoƙinsa na 1987 suna. Matasan Ingila kuma sun yi wa wicked haka, alhali asalinta mugu.

Kuma bai kamata wannan ya ba Bahaushe mamaki ba. Mu ma muna cewa riga ta yi mugun kyau, ko wance ta iya girki kamar bala'i, ko a gidan kallon ƙwallo ka ji an ce, "Shegen yaro, ya iya yanka!" Babu mai jin haushi, domin kowa ya san an ari baƙar kalma ne don farar ta kasa ɗaukar nauyin mamakin.

Inda nake so ka natsu shi ne, kalmar ba ta bar tsofaffin ma'anoninta ba, duk suna raye tare, kuma abin da ke kewaye da ita ne ke nuna wadda ake nufi.

Ɗauki ta jiki tukuna, domin nan ne mutanenmu da ke zuwa Ingila suke yawan tuntuɓe. Ba'amurke idan ya ce "I'm sick", ba shi da lafiya ke nan. Amma idan ka ce wa likita a Ingila "I was sick three times last night", abin da zai rubuta shi ne ka yi amai sau 3 a daren jiya. "I feel sick" a wurinsu tashin zuciya ne. Idan zazzaɓi ne ko ciwon jiki, sun fi cewa ill ko unwell. Wannan bambanci ya fi na yabo muhimmanci a wurina, domin da shi ake rubuta wa mutum magani. Af, sikila da muke kiran ciwon amosanin jini da ita ba daga sick ta fito ba, daga sickle ce, wato lauje, saboda siffar da ƙwayoyin jinin mai ciwon ke komawa.

Idan of ta biyo baya, magana ta koma gundura: "I'm sick of this traffic" na nufin cunkoson nan ya ishe ni. "You make me sick" kuwa ƙyama ce tsagwaronta, kada ka yi murmushi idan aka gaya maka. Haka idan aka ba da labarin wanda ya azabtar da yaro aka ce "he's sick", ana nufin zuciyarsa ta lalace, ko kansa ba daidai yake ba. Sick joke kuma ba'a ce da aka gina a kan mutuwa ko naƙasar wani.

Ka ga ke nan jimla ɗaya, "that's sick", tana iya zama tafi, tana iya zama Allah wadai. A baki, murya da fuska ne ke raba gardama. A rubuce, sai ka dubi abu uku: shekarun mai maganar, abin da ake magana a kai, da alamar da ya sa. Naka saurayi ne, abin da ya gani aikin hannu ne mai kyau, ya kira ka uncle, ya rufe da alamar motsin rai. Babu wata hanyar da zagi zai biyo.

Shawarata ga ɗalibai da masu neman aiki: ku san wannan ma'ana don ku gane ta, amma kada ta shiga takardar WAEC ko wasiƙar ofis, kada kuma ku faɗa wa dattijon Bature cewa gidansa sick ne, domin da yawansu tsohuwar ma'anar za su fara ji. Maganar sa'o'i ce, tsakanin abokai.

Kai kuma Malam, ka mayar masa da godiya, ka tambaye shi ko abokansa na can suna son irin rigar.