Karatu a Holan: sai na sayi keke?

Ƙanina, ka tambaya ko dole ne ɗalibi ya mallaki keke a Holan. Babu dokar da ta ce haka, amma a garin jami'a irin Groningen, marar keke wahala yake sha. Kekunan ƙasar ma sun fi mutanenta yawa.

Da ka sauka, fara yin rajista a ofishin hukumar gari ka karɓi lambar BSN, wato lambar shaida da gwamnati ke ba mazauna ƙasar, sannan ka nemi keke na hannu a shago, da rasit. Wanda zai tare ka a titi da araha, galibi na sata ne. Kwaɗo biyu za ka saya, ɗaya mai sarƙa, ka ɗaure jikin ƙarfe.

Ka lura da birki. Tsofaffin kekunansu da yawa a feda yake, baya ake takawa. Ranar farko ina ta laluben birki a hannu har na afka cikin shuke-shuken wata tsohuwa, tana tsaye tana kallona.

Da dare farar fitila gaba, ja baya, in babu tara ce. Riƙe waya kana tuƙi ma an hana tun 1 ga Yuli 2019. Ranar Juma'a kuma tattare babbar rigarka, sarƙar keke na cin ta.