Allon kwamfuta ba ya ganin cikin boila

Wai tambayarka ita ce, me ya sa nake tura ka wanke gilashin duba ruwan boila, wato tukunyar da ke dafa ruwa ya zama tururi, kowace safiya alhali ga allo yana nuna inda ruwa ya tsaya. Kai yaro, ajiye wayar nan tukuna.

Allon nan wutar lantarki kawai yake karantawa daga tiransmita, na'urar da ke auna ruwan: miliamfa (ma'aunin wutar) 4 ba ruwa, 20 ta cika, 12 rabi. Ita kuma tiransmitar ta wasu siraran bututu take jin ruwan. Ranar da bututun ya toshe, lambar jiya za ta yi ta ba ka har gobe.

Na yi aiki a wani kamfanin man gyaɗa a Sharaɗa, ba zan kama suna ba. Ruwan rijiyar burtsatse muke sa wa boila, mai barin farin dattin nan irin na gindin butar shayi. Sau uku ina rubuta wa manaja a sayo gishirin injin tace ruwa, ya ce ai gishiri na miya ne, in daina ɓarnar kuɗi. Wata biyar muna tafiya haka. Wani dare yaron da ke bakin aiki ya zauna yana kallon allo, kashi 50 cikin 100, ko motsi babu, shi a ganinsa lafiya lau ke nan. Ruwan boilar da ke aiki ba ya tsayawa cak, rawa yake yi. Ashe dattin ya toshe bututun tiransmita, ruwa ya janye, wuta na ci, bututun ciki sun yi ja sun lanƙwashe. Allah ya taimake mu ban bar shi ya kunna famfo ba, na kashe wuta. Da ruwan sanyi ya taɓa ƙarfen nan, da ba ni ke ba ka labari ba.

Ka san wa aka ɗora wa laifi? Ni. Aka riƙe min albashin wata uku, takarduna uku kuwa aka ce ba a taɓa ganinsu ba. Manajan nan har yau in na tuna shi sai abinci ya fita raina.

Yadda ake buɗe bawul ɗin gilashin kuwa kada ka tambaye ni, wata nawa kana tsaye a bayana? Ku yaran yanzu komai sai an nuna muku a bidiyo. Abin da zan duba shi ne in ka rufe na ƙasa mai zubar da ruwa, ruwa ya dawo gilashi nan take. In ya hau a hankali, akwai toshiya, ka zo ka kira ni ko ina cin tuwo. Kuma ka sa safar hannu, tururin da matsinsa ya kai "bar" 10 zafinsa ya kai digiri 180.